Mujiya a Ɗakin Tayoyi

Ni ba mai sha'awar tsuntsaye ba ce tun asali, zaman kaɗaici ne ya kai ni cikinsu. Mijina direban babbar mota ne, yana ɗaukar wake da busasshen kifi daga Maiduguri zuwa kudu, in ya tafi sai ya kwashe makonni. Allah bai ba mu haihuwa ba. Daga makarantar firamaren da nake koyarwa sai gida, a Moduganari, gidan haya mai ɗaki biyu da wani ɗan tsukukun ɗaki a bayan kicin inda mijina ke jibge tsofaffin tayoyi. Wata abokiyar aikina ce ta ja ni wata Asabar, ta ce akwai wasu mutane da ke fita bakin kogi da sassafe suna kallon tsuntsaye, in zo ko na sha iska. Ita daga baya ta daina zuwa, ni na ɗore.

Ba mu da yawa. Akwai ɗaliban jami'a, akwai wani mai shagon magani, sai jagoranmu, wani dattijo Babarbare ɗan unguwar Shehuri, tsohon likitan dabbobi da ya ajiye aiki. Baba muke ce masa. Madubin hangen nesa guda biyu gare mu, muna karɓa-karɓa. Hausar Baba irin ta nan ce, sai ya ce wa shamuwa "shi" ya ce wa zalɓe "ita", amma daga kukan tsuntsu kawai zai gaya maka ko wane ne. Ba ma wuce inda jami'an tsaro suka ce a tsaya, kuma kafin rana ta take mun juyo. Ba kallo kaɗai muke yi ba. Muna zama da manoma muna roƙonsu su daina zuba guba saboda janbaki, ƴan tsuntsayen nan masu cinye hatsi, don gubar ba ta zaɓe, tana kashe balbela da shirwa da duk abin da ya ci mushen.

Lokacin girbin shinkafa muka fita ta hanyar Zabarmari, muka tsaya a gonakin da ke kusa da titi. A gefen wata gona aka kafa raga tsakanin sanduna don kama janbaki. Cikin ƙananan tsuntsayen da suka mutu a ragar akwai wani abu fari babba, a rataye kai ƙasa. Da muka matsa sai ya motsa. Mujiya ce, irin mai farar fuskar nan, zaren ragar ya nannaɗe mata fiffike har ya yanka.

Mai gonar ya taho da sanda a hannu yana ta'awwuzi. Baba ya tare shi, suka gaisa da Barbarci, wushe wushe, suka daɗe suna magana. Abin da na tsinta shi ne Baba na nuna masa ramukan ɓeraye a kan kunyoyin gonar, yana cewa wannan da kake son kashewa ita ce ke yi maka gadi kyauta. Mutumin ya sauke sandar, amma ya ce a ɗauke masa ita daga gonarsa yanzu-yanzu.

Baba ya lulluɓe mata kai da hularsa, ya yanke zaren a hankali, ya duba fiffiken. Ya ce ƙashi bai karye ba, amma ba za ta iya tashi ba sai ciwon ya kame. Nan aka tsaya kallon juna. Ɗalibai a ɗakunan makaranta suke kwana. Mai shagon magani ya ce matarsa na da jariri. Gidan Baba kuwa gidan yawa ne, ya ce in ya shiga da ita, shi da ita za a kora tare.

Na ji bakina ya ce, "Baba, ni ina da ɗakin da ba kowa a ciki."

Ya dube ni ya ce, "Ƴata, kin tabbata? Mutanen unguwa fa?"

Na ce ba wanda zai sani.

Gaskiya ni kaina tsoronta nake ji. Na taso a gidan da in mujiya ta yi kuka a kan katanga, mahaifiyata kan tashi ta kife tukwane ta rungume ƙannena tana addu'a. A cikin keke Napep da muka hau zuwa gida, kwalin yana kan cinyata, ina jin faratanta suna karce takardar, gumi na bin bayana. Mai keken ya tambaya ko kaza ce, na ce masa eh.

Na share ɗakin tayoyi, na kafa mata itace, na toshe tagar da buhu. Kullum da yamma in shiga da ɗanyen nama ko ɓeran da tarkona ya kama, in ajiye in fito da baya. Ba ta taɓa kawo mini hari ba. Sai dai ta miƙe ta yi siririya, ta riƙa karkaɗa kai hagu da dama, baƙaƙen idanun nan a kaina, tana wani irin huci kamar an yayyafa ruwa a kan garwashi. Bayan ƴan kwanaki na fara tsayawa ina kallonta. Bayanta ruwan zuma ne da ɗigo-ɗigo kamar an yi mata surfani. Ban taɓa sanin mujiya kyakkyawa ce ba sai a lokacin.

Matsalar ita ce muryarta. Da ta fara samun ƙarfi, da an idar da sallar magariba sai ta saki wata doguwar ƙara mai tsini, kamar ta mace da aka shaƙe. Ɗakin kuwa jikin katangar maƙwabtanmu yake.

Maƙwabciyar nan tawa ƙawata ce ta gaske. Ƴar Kano ce kamar iyayena, mijinta na sayar da kayan gyaran babur. Tana da yaro namiji da ya fara rarrafe, kuma in na dawo daga makaranta a bayana yake wuni. Ni nake dama masa kunu, ni na ɗinka masa kayan sallarsa ta fari. Tare suke zaune da surukarta, tsohuwa mai kaifin ido da muke kira Iya.

Wata ranar Alhamis Iya ta shigo aron turmi ina banɗaki. Na ɗaga murya na ce ta duba bayan kicin. Ban tuna ba sai da na ji ƙarar ƙofar langa-langa, sannan salati, sannan gudun takalmi. Da na fito, ƙofar ɗakin tayoyi a buɗe take, ɗankwalin Iya a ƙasa.

Na bi ta gida da ɗankwalin don in yi bayani. Ta tsaya a bakin ɗakinta, ba ta karɓa ba, ta ce in ajiye a ƙasa. Na ce, "Iya, ciwo ta ji, jinyarta nake, in ta warke za a sake ta."

Ta ce, "Jinya. To, Allah ya ba da lada, Malama." Ta juya ta ce wa maƙwabciyata ta shiga da yaron ɗaki.

Washegari yaran da ke zuwa mini ƙarin karatu da yamma ba wanda ya zo. Na je shagon bakin layi sayen sabulu, matan da ke tsaye suka yi tsit, wata ta janyo ƴarta ta ɓoye ta a bayan hijabi. Da na dawo na tarar an watsa toka da gishiri a ƙofar gidana. Na kira Baba, ya ce in yi haƙuri zuwa Lahadi, akwai wani mai gona a bayan gari da ya yarda a kai ta, zai zo ya ɗauka. Na ce to. Na kira mijina, wayarsa ba ta shiga.

A wannan ranar kuma zazzaɓi ya kama yaron. Ta kan katanga na ji kukansa, ban iya shiga ba.

Ranar Asabar ban fita kallon tsuntsaye ba. Da hantsi ina wanke-wanke na ji ihu daga gidan maƙwabta. Yaron ne ya fara jijjiga, idanunsa suka kakkafe. Na ji uwarsa na kiran sunansa, na ji Iya na cewa, "An kama shi! Wallahi an kama mini jika!" Na tsame hannu daga ruwan kumfa na nufi ƙofa, don a raina asibiti za mu kai shi. Ina zare sakata na ji Iya a waje, a tsakiyar layi, tana faɗar kalmar da duk kwanakin nan nake jin ƙamshinta ba a furta ba.

"Mayya ce! Ba ta haihu ba, ta zo tana goya ɗan mutane! Ga tsuntsuwarta can a ɗaki tana ba ta ɗanyen nama!"

Na mayar da sakatar. Na zauna a ƙasa a jikin ƙofar.

Ban san yadda layi ke cika da sauri haka ba. Muryoyi suka yi yawa, Hausa da Barbarci a gauraye, wasu na sani, wasu ban taɓa ji ba. Aka fara buga ƙofar da tafin hannu, sannan da dutse. Ƙofar ƙarfe ce, kowane dutse sai na ji shi a ƙashin bayana. Na rarrafa na koma tsakar gida. Wani rabin bulo ya tsallako katanga ya fasa robar wanke-wanken da na tashi daga gabanta.

Wani namiji ya ce, "Ki fito ki tsallake shi! In ba ke ba ce, me kike tsoro?"

Na san abin da ake nufi. Na taɓa gani ina yarinya, an fito da wata tsohuwa an tuɓe mata zane a gaban jama'a an sa ta tsallake maras lafiya don ta saki kurwarsa. Na kuma san ba mafita a ciki. In na tsallake yaron ya farfaɗo, an tabbatar ni ce na kama shi na saki. In na tsallake ya mutu, na cinye shi. In na ƙi fita, ƙofar nan ba za ta daɗe ba.

Na ɗauko waya na kira Baba. Yana can bakin kogi da sauran. Ban iya haɗa magana ba, sai na ɗaga wayar sama don ya ji da kunnensa. Ya ce, "Kada ki buɗe. Ko wa ya kira ki, kada ki buɗe. Ga ni nan."

Daga inda suke zuwa Moduganari tafiya ce, ga shingayen bincike a hanya. Na shiga ɗakin tayoyi na rufe kaina, don shi ne mafi nisa da ƙofar gida. Mujiyar ta matse a lungu, ta baza fukafukai, tana huci, ita ma hayaniyar ta firgita ta. Akwai ƙarfen kwance taya a jingine. Na ɗauka. Na ce a raina in na kashe ta na jefa musu gawar ta kan katanga, wataƙila su huce. Na ɗaga ƙarfen, hannuna ya ƙi sauka. Ba jarumta ba ce, kuma ba zan ce tausayi ne kaɗai ba. Tunani ne ya zo mini cewa in suka ga jini a hannuna za su ce na kashe shaida. Na ajiye ƙarfen, na zauna a kan taya, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina farawa ina mantawa ina sake farawa.

Na ji wani ya ce a kawo fetur. Na ji wani ya ce a'a, gidan haya ne, gobarar za ta ci na kusa. Har yau in na tuna, wannan amsar ta fi tambayar tayar mini da hankali, don ba saboda ni ya hana ba. Sai na ga yatsu a kan katanga, wani matashi yana ƙoƙarin hawowa. Na san shi, na koyar da shi a aji huɗu. Muka haɗa ido ta ramin buhun taga. Ya tsaya jim, ya saki katangar ya koma.

Can sai hayaniyar ta sauya. Na ji muryar Baba, ba ihu yake ba, amma ana jin sa. Ashe bai zo kai tsaye ba, sai da ya biya ya ɗauko Bulama, mai unguwarmu, da limamin masallacin layin. Na lallaɓa na dawo jikin ƙofa ina saurare.

Baba bai fara da maganar mujiya ba. Cewa ya yi, "Ina yaron?"

Aka ce yana ciki, ana masa hayaƙi.

Ya ce, "Tun yaushe yake jijjiga? An kai shi asibiti?"

Sai na ji ya ɗaga murya a karon farko, da Barbarci, sannan ya maimaita da Hausa: duk kun taru a ƙofar mace kuna jifa, yaro yana mutuwa a ɗaki. Ya sa aka fito da uwar da yaron, ya tura su cikin keken da ya kawo shi tare da mai shagon maganin nan na cikinmu, ya ce kada su tsaya ko'ina. Iya ta kama ƙarfen keken tana cewa ba ciwon asibiti ba ne, sai an tsallake shi. Liman ne ya ce mata, "Iya, saki. Ba wanda za a tsallake a layin nan. Wannan ba addini ba ne, kuma in aka taɓa baiwar Allahn nan, ni zan ba da shaida a kan duk wanda na gani." Keken ya tafi.

Bulama ya ƙwanƙwasa ya ce, "Malama, ni ne. Buɗe, mu uku ne kawai za mu shigo."

Sai da Baba ya yi magana na zare sakatar. Da suka shigo na ga Bulama ya kalli fasasshiyar robar da bulon. Baba ya shiga ɗakin ya fito da mujiyar a naɗe cikin tsumma. Bulama da kansa ya ja da baya. Baba ya ce su zo a nuna wa mutane, don in aka fita da ita a ɓoye, maganar ba za ta mutu ba.

Ni ban fita ba, ta tsagar ƙofa na leƙa. Ya buɗe fiffiken ya nuna musu inda zaren raga ya yanka. Ya ɗebo irin dunƙulen gashin da take amayarwa bayan ta ci abinci, ya murtsuke ɗaya a tafin hannunsa, ga ƙananan ƙasusuwa da haƙoran ɓera. Ya ce abincinta ke nan, ba kurwar kowa ba, kuma shi ne ya ba ni ajiyarta, duk mai magana ya same shi a Shehuri. Wasu suka matso suna leƙe, wasu suka tofar da yawu suka juya. Wata mata ta ce, "To me ya sa ta ɓoye?" Baba ya nuna mata duwatsun da ke zube a ƙofar ya ce, "Saboda wannan."

Bulama ya yanke cewa tsuntsuwar ta bar unguwar a take, kuma kada a sake kawo irinta. Baba ya ce ya amince. Ya sa ta a kwali, ya ce in ɗauko mayafina, ba zan kwana a gidan ni kaɗai ba. Na ratsa ta tsakiyar mutanen nan ina bin bayan babbar rigarsa, kaina a ƙasa, ina jiran dutse a ƙeyata. Ba wanda ya jefa. Wajen matar Baba na zauna har mijina ya dawo.

Zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kan yaron. An kwantar da shi, an yi masa ƙarin ruwa da allurai, ya tashi. Na yi kuka da na ji, kukan da ban yi ba ranar jifan. Amma a layinmu labarin kashi biyu ya rabu. Wasu suka ce asibiti ne, wasu suka ce ai daga fitar da mujiyar ya fara samun sauƙi. Iya tana cikin na biyun, kuma ba ta sauya ba.

Mijina da ya dawo ya yi faɗa sosai, da ni, da Baba, da mutanen layi, har sai da Bulama ya sa aka biya robar aka gyara ƙofar. Baba ya zo har gida ya ba shi haƙuri, ya ce laifinsa ne da ya bar mace ita kaɗai da irin wannan amana. Daga nan ƙungiyarmu ta kafa keji babba a gonar mutumin nan na bayan gari, duk tsuntsun da aka tsinta da rauni can ake kai shi, ba a ƙara kai ko ɗaya gidan kowa ba. A can mujiyar ta ƙarasa warkewa. Ranar da aka sake ta an kira ni, ban je ba. A lokacin ko kasuwa ba na iya zuwa ni kaɗai, in na ga mutane sun taru a wuri ɗaya sai in sauya hanya. Sai da damina ta zagayo na koma fita da su, shi ma don Baba ya riƙa aiko keke har ƙofar gida.

Zaman layin bai sake yi mini daɗi ba. Ana gaisawa, amma yara ba su dawo karatu ba, kuma in na fito sai in ga an janye na ƙanana. Da wa'adin hayarmu ya cika muka nemi gida a wata unguwa.

Ranar da muke kwashe kaya, ina durƙushe ina ɗaure tukwane, sai ga maƙwabciyata ta shigo. Rabon da ta tako gidan tun kafin abin ya faru. Ita kaɗai ta zo, ba ta zo da yaron ba. Ta durƙusa ta kama ɗaya bakin igiyar, muka ɗaure tare, muka koma kan kwanuka. Sai da muka gama ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malama, ni fa ban taɓa faɗa da bakina ba."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Amma ban hana ba."

Na tambaye ta ko yaron ya fara tafiya, ta ce har gudu yake yi. Mijina ya leƙo ya ce motar ta cika, rana tana yi. Ta ɗauki buhun kwanukan ta raka ni har bakin titi, ta miƙa wa masu lodi, ta ce Allah ya sa a shiga a sa'a. Na ce amin, na hau gaba.